Ko Za a Iya Haɗa Dokin Teku da Kifaye Mafarauta a Tanki Ɗaya?

Tambaya: Ina da tankin gilashi na ruwan gishiri mai cin lita 300. A cikinsa akwai ƙaramin kifin zaki na jinsin Dendrochirus, da kifin nan mai siffar maciji da ake kira Echidna nebulosa, kuma dukansu ba su gama girma ba. Ina sha'awar ƙara dawakin teku guda biyu. Mai sayarwa ya ce mini muddin ina ƙosar da mafarautan ba za su kula su ba, tunda jikin dokin teku kusan ƙashi ne zalla. Gaskiya ne? Idan ba zai yiwu ba, raba tankin gida biyu da raga zai wadatar?

Amsa: Malam, shawarata ita ce kada ka haɗa su, ko da raga ko babu raga. Zan yi maka bayanin dalilai dalla-dalla, domin yawancin masu kawo wannan tambaya tsoron haɗiya kaɗai ke ransu, alhali abin da ya fi kashe dokin teku a irin wannan tanki shi ne yunwa da lalacewar ruwa, waɗanda ke cin sa a hankali har mai shi ya rasa gane abin da ya faru.

Mu fara da maganar mai sayarwa, domin akwai ɗan ƙanshin gaskiya a cikinta. Dokin teku, wanda masana ke sanyawa a jinsin Hippocampus, ba shi da ɓawo irin na sauran kifaye. Farantai ne na ƙashi suka kewaye jikinsa zobe-zobe, fata ta lulluɓe su, don haka naman da ke jikinsa kaɗan ne. To amma a teku ma wannan sulke bai hana ƙaguwa da manyan kifaye da tsuntsayen ruwa cin sa ba. Abin da ke tsare shi a can shi ne sajewa da ciyawar ruwa da murjani, da kuma faɗin wuri. A cikin gilashi mai kusurwa huɗu babu ko ɗaya daga cikin biyun, domin mafarauci zai gan shi safe da yamma, ya wuce ta gabansa ba adadi, har ranar da zai gwada.

Kifin zakinka ba ya tauna, ba ya kuma ɗanɗana abu kafin ya ci. Yana lallaɓowa ne a hankali da fukafukansa a buɗe, ya matse abin farauta a lungu, sannan ya wangale baki farat ɗaya, ruwa ya kwarara ciki tare da duk abin da ke gabansa. Yana iya haɗiye abin da ya kai kusan rabin tsawon jikinsa. Jinsin Dendrochirus kan kai santimita 15 ko fiye idan ya girma, babban ɗan uwansa Pterois volitans kuma yakan haura santimita 35. Za ka iya cewa ai dokin teku na Hippocampus erectus ma yana kaiwa kusan santimita 19, amma ka tuna wannan awo da jela a miƙe ake yin sa. Idan ya naɗe jelarsa a jikin reshe ya sunkuyar da kai, girmansa bai taka kara ya karya ba, ga shi kuma yawanci tun suna ƙanana ake sayar da su. Ko da haɗiyar ba ta yiwu ba, gwajin kaɗai ya isa ɓarna: dokin ya fito da karyayyen baki ko tsagaggiyar fata, ko kuma ya maƙale a maƙogwaron kifin zakin a yi asarar duka biyun. Akwai kuma ƙayoyin dafi a jikin kifin zakin, guda 13 a gadon bayansa ban da na ƙasa, shi kuwa dokin teku ɗabi'arsa ce ya kai jela ya kama duk abin da ya gifta kusa da shi, ko reshe ne, ko wayar famfo, ko wuyan ɗan uwansa.

Echidna nebulosa kuwa ya fi ba ni tsoro, kuma a kansa ne hujjar mai sayarwa ta rushe gaba ɗaya. Haƙoran wannan kifi dakusassu ne, an yi su ne don murƙushe ƙaguwa da jatan lande, wato halittu masu taurin jiki. Saboda haka taurin da ake cewa zai kare dokin teku shi ne ainihin abin da bakinsa ya saba fasawa. Ganinsa ba shi da ƙarfi, da sansane yake farauta, galibi da dare, kuma da zarar ƙanshin abinci ya bazu a ruwa sai ya fito yana kai cizo ga duk abin da ya taɓa hancinsa. Yanzu ka kwatanta dokin teku da ya wuni a bakin kwanon abinci, ƙanshin jatan lande ya kama jikinsa, ya je ya maƙale a dutsen da wannan kifi ke kwana a ƙarƙashinsa, fitila a kashe. An ba kura ajiyar nama ke nan. Ka kuma sani cewa wannan kifi yakan haura santimita 60, don haka ƙanƙantarsa ta yau ba abin dogaro ba ce.

Batun ƙosarwa ma ba dabara ba ce. Motsi ne ke tayar wa mafarauci da farauta, ba yunwa kaɗai ba. Bayan haka, kifin zaki a tanki sau biyu ko uku a mako ya kamata ya ci, kuma idan aka dinga ɗura masa abinci kullum don a kare maƙwabcinsa, kitse zai taru masa a hanta, kwanansa ya ragu.

Yanzu ga inda matsalar ta fi nauyi. Dokin teku ba shi da haƙora, ba shi kuma da tumbin da zai ajiye abinci. Abin da ya ci yana bi ta hanji ne ya wuce da sauri, shi ya sa a teku yake wuni yana tsintar ƙananan halittu. A tanki dole ne a ba shi abinci sau biyu ko uku kowace rana, yawanci ƙananan jatan lande na Mysis da aka daskarar. Duk wanda ya taɓa zama ya kalli yadda yake ci zai fahimci damuwata. Yakan karkata kai, ya juya ido ɗaya ya kafa wa ƙwayar abincin, ɗaya idon na duban wani gefe, ya matso da dogon bakinsa sannu-sannu, ya tsaya kamar mai shawara, sannan a ji ƙas, ya zuƙe ta. Ƙwaya ɗaya ke nan, kuma sai ya sake wannan tsari tun daga farko kafin ta biyu. Shi ma mafarauci ne, na kwanton ɓauna, kuma gwani ne a irin nasa salon, amma salon yana bukatar natsuwa da lokaci. Kifin zaki na Dendrochirus yana matuƙar son jatan lande, don haka kafin dokin ya gama shawara a kan ƙwaya ta biyu an share kwanon. Ba zai yi kokawa ba, ba zai bi abinci da gudu ba. Ja da baya zai yi ya koma bayan dutse. Bayan 'yan makonni sai ka ga gefen cikinsa ya lotsa tsakanin zobban ƙashi, launinsa ya dushe, kuma idan rama ta kai wannan matsayi dawo da shi yana da wuya.

Idan ka ce za ka ƙara yawan abincin don kowa ya samu, sai ka faɗa matsala ta gaba. Mafarauta na cin nama mai yawa suna fitar da ƙazanta mai yawa, ga ragowar Mysis na ruɓewa a tsakanin duwatsu. A tankin dokin teku, cikin sinadaran da ƙazanta ke haifarwa a ruwa, ana son amoniya da naitirayit su kasance sifiri, naitiret kuma ya yi ƙasa sosai, domin fatarsa na saurin kamuwa da bakteriya, musamman na jinsin Vibrio, masu ruɓar da jela da baki. Waɗannan ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa a ruwa mai ɗumi, shi ya sa ƙwararrun masu kiwo ke riƙe dawakin teku na yankuna masu zafi a digiri 22 zuwa 24 na ma'aunin Salshiyas, alhali tankunan kifayen murjani galibi a 25 zuwa 27 ake barin su. Bambancin digiri biyu ko uku ƙarami ne a ido, amma ga dokin da ke da ɗan ƙwarzane a jela, shi ne zai sa ya warke ko ciwon ya ci gaba. Wasu nau'o'in ma sun fi haka son sanyi, kamar Hippocampus abdominalis na tekun Ostireliya da New Zealand, wanda sai da na'urar sanyaya ruwa ake iya riƙe shi.

Sai ƙarfin gudun ruwa. Tankin mafarauta na bukatar famfo mai ƙarfi don kwashe datti zuwa matata. Dokin teku ba shi da fiffiken jela. Da ɗan fiffiken bayansa yake tura kansa, yana kaɗa shi sau da dama a cikin daƙiƙa guda, ƙananan fukafukan gefen kai kuma su yi masa jagora. Ƙaramin nau'in Hippocampus zosterae shi ake lissafawa a matsayin kifi mafi jinkirin tafiya a duniya, kimanin mita ɗaya da rabi a awa. Ba wai yana son ruwa a tsaye cik ba ne, wannan kuskure ne da ya yaɗu. Yana son ruwa mai motsi matsakaici, da wuraren fakewa, da abin kamawa ko'ina, da kuma kariya a bakin famfo da jikin hita don kada jela ta shige ko ta ƙone.

Game da raga, na san dalilin da ya sa take burge mutane, amma jiki kawai take rabawa, ruwan ɗaya ne. Zafin ɗaya, ƙazantar ɗaya, ƙwayoyin cutar ɗaya, kuma kifayen da aka kamo daga teku kan ɗauko cututtukan da ba sa nunawa a jikinsu amma su kayar da dokin teku da aka ƙyanƙyashe a gona. Abu na biyu, ragar kanta za ta zame wa dokin wurin maƙalewa, ya zura jela ta cikin huda ya naɗe, bakin jelar na leƙowa a ɓangaren mafarauta. Na uku, kifayen nan masu siffar maciji sun shahara wajen kutsawa ta kowace kafa, ta ƙasa, ta gefe ko ta sama, har ma sukan fice daga tanki idan murfi bai rufu da kyau ba. Ƙari a kan haka, lita 300 ɗin nan da ma mafarautanka biyu za su cike ta idan sun girma, balle a raba ta biyu.

Wannan hukunci bai tsaya kan kifayenka biyu ba. Talibambam na teku da kifayen dangin Balistidae masu ƙarfin haƙori sun ma fi muni, domin su gutsura suke yi, su cire ido ko fiffike ko bakin jela. Manyan masu haɗiya irin su Cromileptes altivelis, da ake sayarwa yana ɗan ƙarami mai ɗigo-ɗigo amma yakan kai santimita 70, da jinsin Antennarius mai iya haɗiye abin da ya kai tsawonsa, duk ba a ma fara maganarsu. Haka nan anemoni, wata halittar teku mai kama da fure, da murjani masu harbi da manyan ƙaguwa.

Idan da gaske kana son dokin teku, ka yi masa tankinsa daban. Guda biyu na Hippocampus erectus ko Hippocampus reidi na bukatar kimanin lita 110 zuwa sama, kuma tsayin tankin ya kai aƙalla santimita 45, saboda suna tashi sama ne tare yayin da macen ke zuba ƙwai a jakar cikin namijin, wanda shi ke ɗaukar cikin. Ka bar tankin ya nuna sosai, wato ruwansa ya daidaita, kafin ka sa su, kuma ka ware masa ragar kamu da bokiti da tiyo nasa, kada ka dinga tsoma na tankin mafarauta a ciki. Ka nemi waɗanda aka haifa a gona, waɗanda suka saba da daskararren abinci, ka kuma bukaci a ba su abinci a gabanka kafin ka biya. Na kamun teku sukan ƙi komai sai mai rai, kuma tun shekarar 2004 cinikin dukan jinsin Hippocampus tsakanin ƙasashe yana ƙarƙashin Rataye na Biyu na yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin dabbobi da tsirran daji, saboda yadda kamu ya yi musu yawa.

Abokan zama kuwa, gara ka bari dawakin su yi 'yan watanni su kaɗai, su saba da kwanon abincinsu. Bayan nan za ka iya ƙara kifaye masu sanyin hali da ba sa rububin abinci, irin su ƙananan kifayen da ake kira gobi, da Nemateleotris magnifica, da Pterapogon kauderni na tsibiran Banggai a Indonesiya, tare da dodon koɗi na jinsin Nassarius da zai dinga tsince ragowar abinci a cikin yashi. Kifin Amphiprion mai ratsin fari da ruwan lemo, wanda mutane da yawa ke ɗauka salihi ne, ni ba na ba da shawararsa, domin macen na zafin kare wurinta idan ta girma. Duk wanda za ka ƙara, ka killace shi a wani tanki na mako huɗu zuwa shida tukuna, sannan ka sa ido a lokacin ciyarwa na kwanakin farko. Idan ka ga dokin ya saki kwano ya koma lungu da zarar sabon kifin ya matso, ka fitar da sabon a ranar.