Muryar WhatsApp: Amsa ga Malama kan koya wa yara asalin ƙasa da haɗa taki

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Malama, na ji saƙonki, inda kika ce 'yan ajinki masu shekara biyar zuwa bakwai sun tsare ki da tambayar daga ina ƙasa ta fito, kuma kina so ki haɗa musu da darasin taki amma kin rasa ta inda za ki ɓullo. Rubutu zai yi tsawo, shi ya sa na ce bari in yi murya.

To, ni dai shawarata, ki ajiye alli tukuna. Yaro mai wannan shekarun abin da hannunsa ya taɓa shi yake riƙewa. Ki ba kowa duwatsu biyu masu ɗan taushi, ya goga su a kan farar takarda. Garin da ya zubo, ki ce musu to kun ga farkon ƙasa ke nan. Daga nan sai ki tambaye su, a daji wa ke yi wa dutse wannan gugar? Ki bar su su yi ta canka. Rana tana gasa dutse ya buɗe, sanyin dare ya sa ya tsuke, yau da gobe sai ya tsage. Ruwa ya shiga tsagar, saiwar tsiro ta bi ta ƙara buɗa ta, iska da ruwa su kwashi ɓarɓashin su yi gaba.

Batun daɗewa kuwa, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ce santimita 2 zuwa 3 na ƙasa kan ɗauki har shekara 1,000 kafin ya samu. Yaro bai san dubu ba, kin gane. Ki nuna masa gaɓar yatsanki guda, ki ce ƙasa mai wannan kaurin tun kafin a haifi kakan kakan kakansa ake haɗa ta.

Yauwa, akwai kuma na kwalba. A zuba ƙasa zuwa rabi, a cika da ruwa, a girgiza sosai, a ajiye. Yashi zai kwanta cikin minti ɗaya, lallausar ƙasa ta biyo baya bayan wasu awoyi, yumɓu kuwa sai ya kwana ko ma fiye. Abin da ke yawo a saman ruwan, guntun ganye da saiwa, shi ne zai kai ki ga taki, domin garin dutse kaɗai ba ya raya shuka yadda ya kamata sai ya gauraya da abin da ya taɓa rayuwa ya mutu ya ruɓe.

Nan ne nake so ki daɗe. Ki sami robar da ake hango cikinta, ki huda ta gefe-gefe da ƙasanta saboda iska. Yara su zuba busasshen ganye da yagaggen kwali, sai ɗanyen ganye da ɓawon kayan marmari, sai ɗan barbaɗin ƙasa, a yi ta maimaitawa. Busasshe ya ninka ɗanye sau biyu ko uku. Ruwa kaɗan, danshinsa ya zama kamar na tsumman da aka matse. Banda nama, banda mai, banda kashin kare ko na kyanwa, waɗannan ɓera da ƙuda da cuta suke jawowa. Ki sa su cusa guntun leda a ciki, kada ki ce komai a kanta. Ranar da aka juye takin, ɓawo ya ɓace ita tana nan yadda take, su da kansu za su yi maganar.

Duk mako a juya, kowa ya zana abin da ya gani. In ya fara wari, kada ki zubar a ɓoye don Allah, wannan ma darasi ne. Warin ruɓa na nufin ruwa ya yi yawa iska ta yi kaɗan, a ƙara busasshen ganye a juya. In funfuna ta fito, ki ce musu ma'aikatan sun iso. Ƙananan halittun da ido ba ya gani su ke cin ganyen, kuma a babban tarin taki aikinsu kan sa zafin cikinsa ya kai digiri 60. Roba ƙarama ba za ta yi wannan zafin ba, saboda haka kada ki yi musu alkawarin tururi.

Af, sai kuma tana, tsutsar nan ta cikin ƙasa. Wasu za su yi ihu su gudu, wasu su so ɗauka. Ki gaya musu Charles Darwin, babban masanin nan na Ingila, ya shafe kusan shekara 40 yana lura da ita kafin ya fitar da littafinsa a kanta a 1881. Ita ke haɗiye ganye da ƙasa ta fitar da taki, ramukanta kuma su ba iska da ruwa hanya.

Takin zai ɗauki wata biyu zuwa huɗu kafin ya yi baƙi ya fara ƙamshin ƙasar da ruwan sama ya taɓa. Ranar 5 ga Disamba ce ranar ƙasa ta duniya, in kin lissafa baya za ki iya sa buɗe robar ya faɗo ranar. Sai a shuka iri ɗaya a gwangwani biyu, ɗaya da takin ɗaya yashi zalla, su riƙa aunawa da zare. Kuma a wanke hannu da sabulu duk bayan taɓawa, mai ciwo a hannu ya tsaya a kallo. Sai na ji daga gare ki, Malama.