Tambaya da Amsa: Kamfanonin Mai, Manyan Wasanni da Lissafin Hayaƙi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Kawu. Ni ɗan Shari'a Mansur ne a nan Makka, kuma tun ina yaro ƙungiyar ƙwallo ta Al-Ittihad nake yi. Gardama ce ta kaure a majalisarmu bayan sallar isha'i. Wani abokinmu ɗan jami'a ya ce kamfanonin mai da na lemo da ke ɗaukar nauyin manyan wasanni wanke sunansu kawai suke yi, alhali su ne ke gurɓata duniya. Wani kuma ya ce ba don kuɗinsu ba da ko tseren mota ɗaya ba a yi a Kurnish, wato bakin tekun Jidda, ba, kuma ai su ma suna dashen bishiyoyi. Ga shi an ba Saudiyya gasar cin kofin duniya ta 2034, muna ta murna. Wane ne mai gaskiya a cikinsu? In na farkon ne, mu daina kallo ke nan?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Ka gaishe min da 'yan majalisa. Na fi karkata ga ɗan jami'ar, amma tambarin da ke jikin allo bai dame ni ba kamar yadda lissafin da ake ba mu ya dame ni.

Abokinka na biyu bai yi ƙarya ba game da kuɗi. Tun 2020 Aramco, kamfanin man Saudiyya, ke cikin manyan masu ɗaukar nauyin tseren motoci na Formula 1, sunansa kuma yana jikin ƙungiyar Aston Martin. A watan Afrilun 2024 ya ƙulla yarjejeniya da FIFA har ƙarshen 2027, wadda ta haɗa da kofin duniya na maza na 2026 da na mata na 2027. A Afirka, tun 2016 kamfanin mai na Faransa, TotalEnergies, ya shiga cikin sunan gasar cin kofin nahiyar. Daren da Kwaddibuwa ta ci Najeriya 2-1 a Abijan, a Fabrairun 2024, da sunansa aka ɗaga kofin. Coca-Cola kuwa tun 1928 yake tare da wasannin Olamfik. Duk cikinsu babu mai bayar da sadaka. Abin da suke saye shi ne yaro ya tashi yana jin sunansu tare da ihun cin ƙwallo, har ya girma yana jin nauyin ya zarge su. Ciniki ne, kuma ba laifi a kira shi da sunansa.

Ba kuma daga nesa nake jifa ba. Ni da kai muna cin arzikin man ƙasar nan, ko kai tsaye ko ta wata hanya, kuma riyal ɗin da muke aikawa Kano da Damagaram daga nan tushensa yake. Filin Jauhara da kake zuwa kallon Al-Ittihad ma Aramco ne ya kula da gininsa kafin a buɗe shi a 2014. Amma wannan bai goge abin da rahoton Carbon Majors, mai bin diddigin hayaƙin manyan kamfanoni, ya nuna ba, cewa a 2023 sama da kashi 4 cikin 100 na iskar kabon da duniya ta fitar ana iya danganta shi da man da iskar gas ɗin wannan kamfani shi kaɗai. Kamfanin ya yi alkawarin daidaita hayaƙinsa nan da 2050, sai dai alkawarin ya tsaya ne kan ayyukansa na haƙowa da tacewa. Hayaƙin da ke fita sa'ad da aka ƙona man a mota da jirgi da injin wuta ba ya ciki, kuma shi ne mafi yawa nesa ba kusa ba. Ka riƙe wannan da kyau, domin ko'ina a harkar nan haka za ka tarar: akwai abin da aka ƙirga, akwai abin da aka ajiye gefe.

Ni aikina fiton kaya ne a nan Jidda. Duk lokacin da tsere ya ƙarato, tun da aka fara shi a Kurnish a Disamban 2021, mu 'yan wannan sana'a mukan ga alama tun kafin masu kallo su gani: kwantenoni a tashar ruwa, jiragen dakon kaya a filin jirgi, tireloli cikin dare. Alƙaluman da Formula 1 ta fitar da kanta sun yi daidai da abin da idona ke gani. A lissafinta na 2018, tan 256,551 na kabon ta fitar. Man da motocin tseren suka sha bai wuce kashi 0.7 cikin 100 ba, jigilar kaya kuwa ta kwashe kashi 45. To da za a gaya maka cewa daga 2026 motocin na amfani da mai wanda ba a haƙo daga ƙasa ba, ka ce madalla, ni ma na ce madalla, musamman in wata rana man nan ya iso tankin motar haya. Amma ka san cewa ɗan ƙaramin yanki ne aka taɓa, babban yana cikin jiragen da ke yawo da kayan daga nahiya zuwa nahiya.

Katar ce ta fi koya mana darasi, ga ta nan maƙwabciyarmu. An yi ta shela cewa gasar kofin duniya ta 2022 ba za ta ƙara wa duniya hayaƙi ko kaɗan ba. Masu shiryawa sun ƙiyasta tan miliyan 3.6, kusan rabi daga tafiye-tafiye, suka ce za su biya diyyarsa ta hanyar sayen takardun rage hayaƙi daga wasu ayyuka, ciki har da tashoshin wutar lantarki a Turkiyya da Sabiya. Tamkar mutum ne ya jibge shara a ƙofar gidanka, ya nuna maka rasit cewa ya biya an share wata unguwa a wani gari. In ma an share ɗin, taka tana nan, balle a ce unguwar can dama ana share ta ko bai biya ba. Abin da masu suka suka ce ke nan game da tashoshin: ko babu kuɗin gasar za a gina su. Ƙungiyar Carbon Market Watch ta kuma gano cewa hayaƙin gina sababbin filaye an raba shi ne kan shekarun da ake sa ran filayen za su yi, aka ɗora wa gasar ɗan abin da ya yi daidai da kwanakinta, alhali saboda ita aka gina su. A watan Yunin 2023 hukumar da ke sa ido kan gaskiyar talla a Suwizalan ta yanke cewa FIFA ba ta kawo hujjar wannan iƙirari ba. Ga shi kuma an faɗaɗa gasar 2026 zuwa ƙasashe 48 da wasanni 104, maimakon 64, a birane 16 na Amurka da Kanada da Meziko. Mai son rage hayaƙi da gaske ba ya ƙara jirage.

Ana iya yin abin da ya fi haka. A 2019 kamfanin Total, wato TotalEnergies na yanzu, ya janye daga neman ɗaukar nauyin Olamfik na Paris bayan magajiyar garin, Anne Hidalgo, ta nuna ba ta so, kuma an yi wasannin a 2024 lafiya. Kusan kashi 95 cikin 100 na wuraren wasan dama akwai su ko na wucin gadi ne, masu shiryawa kuma suka ce sun tashi da tan miliyan 1.59, ƙasa da rabin matsakaicin na Landan da Riyo. Rashin gini na daga cikin abin da ya kawo wannan ragi.

Kai ɗan Makka ne, ba sai na yi maka dogon bayanin abin da ya sa wannan ya shafe mu ba. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Harami, sama da mahajjata 1,300 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Ba ƙwallo ce ta kashe su ba, amma duk tan ɗin da aka ɓoye a lissafi, sararin samaniya ɗaya yake hawa.

Game da 2034, ni ma ina murna, kuma ina roƙon Allah ya nuna mana. An tsara filaye 15 a Riyad, Jidda, Khubar, Abha da Neom, 11 daga ciki sababbi ne. Siminti da ƙarfen wannan gini su ne farkon abin da zan so a ƙirga gaba ɗaya, ba a yanka shi gunduwa-gunduwa ba. Sai wutar da za ta kunna mukayyif, wato na'urar sanyaya wuri, a filaye da otal-otal: ƙasar nan ta yi alkawarin rabin wutarta zai fito daga rana da iska nan da 2030, mu gani ko an cika. Muna da jirgin ƙasan Haramain tun 2018, Riyad ta samu nata na cikin gari a ƙarshen 2024, amma tsakanin Riyad da Jidda har yanzu sai jirgin sama ko titi. In layin dogon da ake maganar shimfiɗawa tsakaninsu ya kammalu kafin gasar, ya fi min duk wani koren tambari. Kuma lissafin ƙarshe a miƙa shi ga wanda ba ya cin albashi a hannun FIFA ko masu ɗaukar nauyinta.

Kada ka daina kallo. Mu manya mun san lokacin da sunan tabar Marlboro ke jikin motocin tseren Ferrari da McLaren. Ba ƙauracewar masu kallo ce ta cire shi ba, doka ce, bayan likitoci da jama'a sun daɗe suna magana, kuma tseren bai mutu ba. A 2022 hukumar tanis ta Ostireliya ta rabu da kamfanin gas na Santos. A Oktoban 2024 'yan ƙwallo mata sama da 100 sun rubuta wa FIFA wasiƙa suna neman ta soke yarjejeniyarta da Aramco. Ba a soke ba, amma sun yi maganar ne suna cikin fili suna taka leda. Ranar wasa kuma ku hau jirgin Haramain daga tashar Rusaifa, ko ku cika mota ɗaya maimakon kowa ya fito da tasa.

TAMBAYA: Malam, ni mazauniyar Karantina ce a Jidda. Robobin ruwa da na lemo da ake sha a wajen wasa, masu alamar sake sarrafawa a jiki, da gaske ana sake sarrafa su?

AMSA: Hajiya, kaɗan ne daga ciki. Ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashe, OECD, ta ƙiyasta cewa kashi 9 cikin 100 kacal na sharar roba ake sake sarrafawa a duniya. Alamar tana nufin ana iya yi, ba an yi ba. A Paris ma an soki Coca-Cola saboda tsiyaya lemo daga kwalaben roba zuwa kofunan da ake wankewa, aka tashi da roba biyu a wurin ɗaya. Matan unguwarku masu tsintar gwangwani sun riga mu sanin dalili: gwangwanin alminiyom yana da mai saye da kuɗi mai ɗan kauri, shi ya sa ba ya kwana a titi, robar kuwa sai a cika buhu ba a samu abin kirki ba. In kamfanin da ya sayar da lemon zai sa lada kan kowace robar da aka mayar masa a ƙofar fili, kafin asuba babu ko ɗaya da za ta rage a ƙasa, kuma kuɗin zai shiga hannun matan nan.