Filin Tambaya: Kura mai magana da rigimar da ta tashi a fada

Assalamu alaikum masu karatu. Tun da munka yi bayanin wasan labari na tebur, wanda mutum huɗu ko biyar ke zama ɗaya na jan labari sauran kowa na riƙe da jaruminshi a takarda, ɗan ludo kuma na raba gardama in abu ya kai ga sa'a, saƙonni sun taru kuma mafi yawansu a kan abu guda ne, wato jarumin da ba mutum ba. Ga waɗanda na zaɓa.

Tambaya: Yaya barka da aiki. Mu ƴan wata fada ne a unguwar Zariya nan Maradi, muna wasanga bayan isha'i in an ɗora shayi, labarinmu na bayan yaƙin nukiliya ne duniya ta watse. To wani abokinmu ya ce shi kura zai zama, kura mai tsayuwa da ƙafa biyu mai magana, munka ce to, sai ya rubuta ma kanshi ƙarfin mutum goma da gani cikin duhu da jin ƙanshi daga nesa wai kuma harsashi ba ya huda shi, yanzu duk faɗan da anka yi shi kaɗai ka gama shi mu muna zaune muna kallo, har mutum biyu sun daina zuwa. Mu hana kowa zama dabba ne ko mi za mu yi?

Amsa: Ƙanena kada ku hana, don in kun hana kun zubar da abin da ya fi daɗi a irin wasanga. Matsalar ba kurar ba ce, matsalar kun bar mutum ya rubuta ma kanshi baiwa zalla ba tare da ya biya komi ba, kuma waɗanda sunka ƙirƙiro wasannin nan tun farko sun hango haka.

A 1976 James Ward ya fitar da Metamorphosis Alpha a Amurka, labarin wani makeken kumbo mai suna Warden da ya ratsa ta cikin tururin nukiliya, mutane da dabbobi da tsirrai da ke ciki halittarsu ta jirkice. A 1978 shi da Gary Jaquet sunka fitar da Gamma World, wanda ya dawo da abin doron ƙasa bayan rugujewar duniya, kusan irin labarinku ke nan. A Gamma World kana iya zama mutum tsantsa, ko mutum mai jirkitacciyar halitta, ko dabba mai hankali, amma wajen fitar da jirkicewar akan jefa ɗan ludo a duba jadawali, kuma cikin jadawalin an cusa nakasa tare da baiwa. Kana iya tashi da fukafukai ko iya karanta zuciyar mutum, kana kuma iya tashi da raunin gani ko fata da ba ta jure komi. Shi kuma mutum tsantsa da ba shi da ko ɗaya an ba shi nashi rabo, injunan da mutanen da sunka bari sun fi gane shi su yi mishi biyayya, don siffarshi sunka sani. Ka ga kowa na da dalilin zama a tebur.

Mutant: Year Zero na ƴan ƙasar Suwidin, wanda ya fito a 2014, ya ma fi tsanani. Duk sanda ka yi amfani da baiwarka akwai yiwuwar ta kuɓuce maka, wani lokaci ka sami sabuwar jirkicewa amma jikinka ya rage ƙarfi har abada. Wato ƙarfin da kake taƙama da shi shi ne ke cinye ka sannu a hankali, kuma wallahi nan ne labari ke yin nauyi, don mutum zai tsaya ya yi tunani kafin ya ce bari in hura wuta.

To ga abin da nike ba ku shawara. Ku zauna da shi kafin wasa, ba cikin wasa ba, ku ce duk baiwa guda da aibi guda. Maganar harsashi ku cire ta gaba ɗaya, jarumin da ba a iya ji ma ciwo ba shi da labari. Ku bar mishi muƙamuƙi mai fasa ƙashi da hanci da ganin dare, waɗannan na kura ne na gaskiya. Amma da rana a rage mishi ɗaya a duk jifa, cikinshi na cin rabon mutum biyu, yatsunshi ba su iya ɗana bindiga ko warware waya, sannan babban abu, ba garin da zai buɗe ma kura ƙofa. Ka ɗauka ayarinku ya iso wani ƙauye mai rijiya ɗaya tak, ruwanku ya ƙare tun jiya, masu gadi sun hango shi sun ja ƙyaure sun ɗana kibau. Yanzu dole wanda ya iya magana ya matsa gaba ya yi ciniki, mai gyaran inji ya ce zai tada musu famfon da ya mutu in sun ba ku jarka uku, shi kuma kura yana kwance bayan dutse yana jin ƙanshin awakinsu yana danne yunwa, mai jan labari ya ce jefa mu gani ko ka iya haƙuri. Mutum biyun da sunka daina zuwa ku kira su ranar da za ku buga wannan.

Tambaya: Yaya ina wuni. Ni ɗaliba ce a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, mu huɗu ne mata muna yi a ɗaki ranar lahadi. Na ɗauki wata halitta ta wata duniya mai kan zaki amma da na fara sai na ga ni ce dai, maganata, tunanina, kan zakin kawai anka ɗora. Yaya ake yi halittar ta zama daban da gaske?

Amsa: Ƙanwata wannan tambayar ta fi ta kura wuya kuma na ji daɗinta ƙwarai. Siffa ita ce mafi arha a cikin abin, abin da ke raba jinsi da jinsi shi ne mi suke so, mi suke tsoro, mi ne abin kunya a wurinsu.

Dubi Traveller, wasan Marc Miller na 1977. A duniyarshi akwai Aslan masu kama da zaki irin taki, amma abin da ya sa ake tuna su ba gashin wuya ba ne, mazansu ƙasa suke so, mallakar fili ita ce darajar namiji, harkar kuɗi da ciniki da fasaha kuwa a hannun mata take, har namiji babba yana iya rasa yadda ake sayen abu a kasuwa. Akwai Vargr, waɗanda asalinsu dangin kare ne na duniyarmu wasu tsoffin halittu sunka ɗauke su sunka ba su hankali, su shugaba sai wanda kwarjininshi ya fi a yau, gobe in ya faɗi su bi wani kuma ba su ɗauki haka cin amana ba. Akwai K'kree masu cin ganye, a garke suke rayuwa, ɗaya shi kaɗai ko a ƙuntataccen ɗaki yana iya zaucewa, kuma ƙyamar mai cin nama suke har su yaƙe shi. Ki duba abin da wannan kaɗai zai jawo in an gayyaci K'kree walima an kawo tire da balangu. Hiver kuma ba su magana da baki sam, da motsin gaɓoɓi suke yi, kuma sun fi son su juya al'amari ta bayan fage a kan su fito fili.

Star Frontiers na 1982 ma haka, Vrusk masu kama da ƙwaro kamfaninsu shi ne danginsu, Yazirian masu fatar shawagi tsakanin hannu da ƙafa kowannensu na zaɓen abokin gaba guda na tsawon rai. A Starfinder na 2017 akwai Shirren, ƙwari ne da sunka ɓalle daga wani taro mai tunani guda, shi ya sa zaɓi ko na ƙaramin abu daɗi yake musu sosai.

Ki ɗauki takardarki ki rubuta abu uku a baya: abin da jarumarki ba za ta taɓa yi ba ko za a kashe ta, abin da take yi kullum wanda mutane ke gani baƙo, da abin da mutane ke yi wanda ita ba ta gane ba. Sai ki riƙe su ko da za su jawo ma ayari asara. Amma ki kiyaye abu guda don ina ganinshi da yawa, kada a ce duk ƴan jinsi kaza mugaye ne ko wawaye ne ko ɓarayi, mu da ke zaune da Hausawa da Fulani da Buzaye da Zabarmawa da Barebari a kasuwa guda mun san inda irin maganar ke kaiwa. Al'ada ce kike ba jarumarki, tana iya binta tana iya yi mata tawaye, kuma Aslan mace da ta ce ita ma fili take so labari ne mai kyau.

Tambaya: Malam, ni mahaifi ne daga Tibiri. Na iske yarona da abokanshi suna jefa ɗan ludo suna cewa wai tururin nukiliya ya ba wane hannu huɗu. Shin ba caca ba ce? Kuma gaskiya ne abin na ba mutum ƙarfi?

Amsa: Baba Allah ya ƙara girma. Yadda anka tsara wasan ba a sa kuɗi, ba mai ci ba wanda aka ci, duka ayari guda ne suna warware matsalar da mai jan labari ya kawo. In kun ga kuɗi a tabarma to wani abu ne daban ku tsawata. Hukuncin ɗan ludo kanshi kuwa na malamai ne, ku tambayi wanda kunka amince da shi, ku kuma zauna ku saurari zama guda ku ji mi suke faɗi.

Ta biyun kuwa a'a, ƙirƙira ce, kuma ina so yaran su san haka tunda ƙasarmu ce ke haƙo yuraniyom a Arlit. A 1927 Hermann Muller ya nuna hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi na jirkita ƙwayoyin gado na ƙananan ƙudaje, ya sami kyautar Nobel a 1946, kuma mafi yawan jirkicewar da ya gani illa ce. A jikin mutum abin da tururin ke kawowa shi ne ƙuna da ciwon daji, ba hannu huɗu ba. Jirkicewar gado ta gaskiya da munka sani a gidajenmu ita ce sikila, wanda ya gaji ƙwaya guda daga uwa ko uba yana samun kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, wanda ya gaji biyu shi ke fama da ciwon, shi ya sa likitoci ke cewa a yi gwajin jini kafin aure. Wannan ba abin wasa ba ne kuma kada yara su sa shi a jadawalinsu, amma in wasan ya sa yaronku ya tambayi yadda gado ke aiki to ku kai shi wurin malamin kimiyya ya yi mishi bayani.

Tambaya: Yaya ba mu da littafi ko ɗaya kuma Turanci bai zauna muna ba, sai Faransanci kaɗan. Za mu iya ƙirƙiro namu jinsin?

Amsa: Ƙwarai kuwa. Starfinder an fassara shi da Faransanci amma yana buƙatar ɗan ludo mai fuska 20 wanda samunshi nan sai an sha wuya. Traveller da ƴan ludo biyu na gida ake buga shi, to ku ari wannan: jefa biyu a haɗa, in jimilla ta kai 8 ko sama an yi nasara, baiwa ta ƙara ɗaya ko biyu, aibi ya rage. Jinsin kuma ku duba dajinmu. Bushiya mai dunƙulewa ba a taɓa ta amma ba ta da sauri, raƙumi mai kwanaki bai sha ba amma ba ya shiga ramin da sauran za su ɓuya, damo mai haƙuri da sanyin safiya ke kashe ma jiki. Wanda na fi so shi ne mutumin gawo, tunda gawo da damina yake zubar da ganye da rani yake yin kore, to jaruminku da rani sanda kowa ya galabaita shi ne mai ƙarfi mai ba ayari inuwa, da ruwa ya sauka kuma sai ya bushe sai an ɗauke shi a amalanke. Ku gwada shi ku aiko muna da yadda ta kaya, masu tambaya a kan mutum-mutumi kuma ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba.