Amsar Kawu Kan Bishiyar Fitilu da Gayyatar Maƙwabciya

Ɗiyata, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da yaran duka, saƙonki ya iso ni ranar Laraba bayan la'asar, kuma sai da na sa aka karanta mini shi sau biyu, domin idon nawa ya daina jituwa da ƙananan rubutun waya. Da farko dariya na yi, har Hajiya ta leƙo tana tambayar ko lafiya. Kin ce dusar ƙanƙara ta rufe muku ƙofa a birnin Winnipeg na ƙasar Kanada, an ba yara hutun mako biyu, sun matsa miki sai an saya musu bishiyar fitilu ta Kirsimeti irin ta maƙwabta, ga kuma wata tsohuwa da ke kusa da ku ta gayyace ku cin abinci ranar 25 ga Disamba, saboda haka kina son ki ji abin da al'adarmu ta tanada. Wace al'ada kuma, 'yar nan? Kakanninki ba su san wata ƙanƙara ba sai wadda ke faɗowa tare da ruwan farkon damina, mu fita da gudu muna tsinta muna tsotsa. Sai dai dariyar ta tsaya mini da aka zo wurin da kika ce 'yar autarki ta tambaye ki dalilin da ya sa gidanku ne kaɗai mai duhu a layinku, kuma kowa a ɗakinsa yake wuni.

Ke ba ki san ni da wannan tarihin sosai ba, amma na yi shekara shida a Mosko ina karatu, a zamanin da Tarayyar Sobiyet ke ɗaukar ɗalibai daga ƙasashen Afirka. A watan Disamba rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe tara, kuma kafin ƙarfe huɗu ta faɗi, ta yadda azahar da la'asar da magariba ke bin juna kamar ana korarsu. A shekarar 1978 Babbar Sallah ta faɗo a watan Nuwamba, ta zo ta wuce ina aji, ban ji kabbara ba, ban ga rago ba, ban ci komai ba sai burodi baƙi da shayi. Masallaci ɗaya ne ke aiki a birnin gaba ɗaya a lokacin, wanda Musulmin ƙabilar Tatar suka gina tun 1904, kuma zuwa can daga masaukinmu tafiya ce. Na faɗa miki wannan ne domin ki san halin da zuciyata take ciki sa'ad da wani abokin karatuna, ɗan ƙasar, ya ce in zo gidansu mu shiga sabuwar shekara tare.

Daren 31 ga Disamba na shekarar nan har yau mutanen Mosko suna ba da labarinsa, domin sanyi ya wuce digiri 35 a ƙarƙashin sifili. Na fito daga jirgin ƙarƙashin ƙasa na yi tafiyar da ba ta kai minti goma sha biyar ba, amma gashin hancina ya daskare, numfashina ya zama farin gari a kan gira. Wani mutum da ban taɓa gani ba ya tare ni a hanya, ya nuna kunnena na hagu, ya yi ta magana da ƙarfi, ni kuwa na ɗauka faɗa yake yi. Ashe kunnen ne ya yi fari saboda sanyi ya fara daskarar da shi, kuma ɗabi'arsu ce duk wanda ya ga haka a jikin wani ya gaya masa, ko da bai san shi ba, tun da mai kunnen ba ya jin komai.

Gidan nasu a hawa na huɗu yake, ɗaki biyu da ɗan kicin, mutum shida a ciki. Kakar abokin nawa ce ta buɗe ƙofa, 'yar gajeriyar tsohuwa da mijinta ya tafi yaƙin Hitila bai dawo ba. Ba ta tsaya gaisuwa ba, sai da ta cire mini hula, ta riƙe kunnen nan tsakanin tafukanta har ya fara zafi kamar an ɗora garwashi, sannan ta tura mini silifas na cikin gida, domin su ma ba sa shiga ɗaki da takalmin waje. An liƙe gefen tagogi da auduga da takarda saboda iska. A kusurwar falo ga bishiyar nan da kike tambaya a kanta, da jan tauraro a ƙolinta, ga kuma ƙamshin ɗanyen icce ya haɗu da na lemun tanjirin, wanda su a wurinsu shi ne ƙamshin biki. Abokina ya bayyana mini cewa hukumarsu ta hana wannan bishiya a ƙarshen shekarun 1920 saboda ta addini ce, sannan ta dawo da ita a 1935 da sunan bishiyar sabuwar shekara, aka sauya tauraron, aka sauya ranar. Kirsimetin cocinsu kuwa sai 7 ga Janairu, kuma a zamanin ba kowa ke ambatonsa a fili ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne teburin. Tun kwana biyu kafin nan tsohuwar ta tambayi jikanta abin da nake ci da wanda ba na ci. Ta haɗa musu salak ɗinsu na dankali da ƙwai da tsiran alade, ni kuma ta haɗa mini nawa daban a wani kwano, babu naman, ta dafa mini kifi a tukunyar da ta wanke sau biyu a gaban jikan domin ya shaida mini. Da mahaifin gidan ya miƙo mini ƙaramin kofi na barasarsu, ita ce ta buge masa hannu tun kafin in buɗe baki, ta ajiye mini ruwan dafaffen 'ya'yan itace. Na nemi wurin da zan yi sallar isha'i ina jin nauyi, sai ta kai ni ɗakinta, ta shimfiɗa tawul mai tsabta, ta ja ƙofa. A bayan labulen ɗakin na hango ɗan hoton ibadarta da take ɓoyewa. Ba ta ce mini komai ba, ni ma ban ce mata ba.

An buga agogon Kremlin, fadar gwamnatinsu, a talabijin sau goma sha biyu, aka yi ta murna, sannan wajen ƙarfe ɗaya muka lura bututun ruwan zafi da ke ɗumama gidan ya yi sanyi. Ya fashe a wani wuri, kamar yadda ya faru a unguwanni da yawa a daren. Nan da nan aka kwashe barguna aka koma kicin, aka kunna murhun gas, aka buɗe ƙofar tanda. Can sai ga ƙwanƙwasa ƙofa, matar hawa na biyar ce da yara biyu, ɗakinta ya fi namu sanyi. Muka zama goma a wurin da bai kai zauren gidan kakanki ba, gwiwa na gugar gwiwa, shayi na zagayawa, tsohuwar ta ɗora ƙaramin yaron a cinya tana ba shi labari cikin murya ƙasa-ƙasa. Rashancina bai kai in bi labarin duka ba, amma na gane muryar, domin da irinta kakata take cewa ga ta nan ga ta nanku a daren hunturu a Zariya, mu jikoki bakwai mun kewaye kaskon wuta, ƙafafu duk faso, ana jiran gyaɗar da aka binne a toka. Na sunkuyar da kai na yi hawaye, suka ɗauka kunnen ne ke ciwo, na bar su a haka. Na dawo gida a 1982 da adireshinsu a aljihu, na yi ta cewa gobe zan rubuta, har takardar ta ɓace. Wannan yana cikin abubuwan da nake jin kunyarsu har yau.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yakan ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma ban fahimci maganar ba sai a kicin ɗin nan. Shi da kansa yana da abokan aiki Kirista a tashar jirgin ƙasa, kuma duk Kirsimeti sai an aiko mana da shinkafa da miyar kaza daga Sabon Gari, kazar ma sai sun kawo wa mahaucin unguwarmu ya yanka domin mu iya ci. Innarmu ba ta taɓa mayar da kwanon nan wofi ba, ko dubulan ne ko nakiya sai ta zuba, in Sallah ta zo kuma ni ake ɗora wa tiren nama in kai musu. In wani ya yi gunaguni, sai ta ce zumunci a ƙafa yake, kuma maƙwabci shi ke fara jin kukanka kafin ɗan'uwanka na nesa. Ba su shiga cocin kowa ba, ba wanda ya shigo masallacinsu, kuma babu wanda ya ji an rage masa addini. Yau a garuruwanmu da yawa an raba unguwanni, yara suna tashi ba su taɓa cin abincin gidan da ba irin nasu ba, ku kuma da kuka tafi can kun ɗauki wannan ɗari-ɗarin kun tafi da shi har ƙetaren teku.

Hukuncin bishiya kuwa ba nawa ba ne, akwai malamai a masallacinku, ki je ki tambaye su, ki kuma gaya musu gaskiyar yadda abin yake. Ni dai ban taɓa kafa ta a gidana ba, ban kuma ji ina bukatarta ba. Amma ki yi haƙuri in ɗan ja miki kunne. A bara da na kira ku ranar Ƙaramar Sallah, kin ce yaran suna makaranta, maigidan yana wurin aiki, ke kuma kin dafa taliya. Yaron da ya ga Sallarsa ta wuce kamar kowace rana, sannan ya ga unguwa ta ɗauki wata guda tana haske da kyaututtuka saboda bikin wasu, me kike so ya ce? Mu tun ana saura mako guda ake kai ɗinki, ana lalle, ana suyar cincin, gidan duka yana ƙamshi. Kakata takan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ku kuwa kun bar wa waya aikin tanƙwarawa, kowa ya shige ɗakinsa ya rufe ƙofa, rana ta faɗi tun ƙarfe huɗu da rabi, dare mai tsawo haka ya tafi a banza babu mai ba wani labari. Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi nawa kika ba su tun da aka fara hutun nan?

Tsohuwar da ta gayyace ku, ba ki gaya mini ko ita kaɗai take zaune ba, ko tana da 'ya'yan da ke zuwa duba ta. Ki bincika mini wannan. Ki sa babban yaron ya ɗauki shebur ya share mata ƙanƙarar bakin ƙofa tun kafin ta roƙa, kuma kada ya karɓi ko sisi. In kun yanke shawarar zuwa, ki faɗa mata tun da wuri abin da ba ku ci da abin da ba ku sha, kada ki bari sai an zauna a tebur a kunyata juna, kuma ki tafi da kwanon waina ko dambun nama, amma ki rage yaji. Ranar Lahadi bayan na idar da isha'i, lokacin ku rana ce tsaka, ki tara mini su duka a ɗaki ɗaya ki kira ni, waya ɗaya tak a tsakiya. Ki gaya wa amaryata 'yar auta cewa angonta yana da labarin yadda kunnensa na hagu ya kusa zama a Mosko, kuma har yanzu in hunturu ya shigo shi ke fara sanar da ni.