Na cire mutum daga zaurenmu na WhatsApp, ya ce in nuna masa dokar da ya karya

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwar albasa ne a Marwa, kuma ɗaya daga cikin admin uku na zauren WhatsApp da muke sanar da juna farashi da labarin motocin da ke lodi zuwa Yawunde da Duwala. Dokokinmu bakwai ne. Shida sun hana siyasa, zagi, hotunan banza da makamantansu. Ta bakwai ta ce shugabanni na da ikon cire duk wanda suka ga zai kawo fitina. Wani abokin sana'armu ya shiga tura saƙon murya kullum yana kiran sunayen dillalan da ya ce sun cinye masa kuɗi, ciki har da surukina. Bai zagi kowa ba, amma zaure ya rikice, sai na cire shi. Yanzu yana cewa zalunci ne, in nuna masa dokar da ya karya. Na yi daidai, ko kuwa mu soke doka ta bakwai?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ku soke ta. Amma yadda ka yi aiki da ita akwai gyara, kuma zan faɗa maka ba ɓoye-ɓoye, tunda kai ma ba ka ɓoye zancen surukinka ba.

Duk mai rubuta wa ƙungiya dokoki ya san ba ya iya hango komai. Ranar da kuka zauna kuka tsara dokoki shida, abin da kuka riga kuka gani kuka hana. Ba wanda ya kawo a ransa cewa wata rana mutum zai mai da zauren farashi wurin bin bashi. Shi ya sa ake barin doka ɗaya mai faɗi a ƙarshe, kamar yadda ƙungiyoyin da ke rajista a ƙarƙashin dokar ƙungiyoyi ta 1990 a nan Kamaru sukan sa sakin layi a dokokinsu na cikin gida cewa abin da ba a ambata ba, shugabanni ne za su duba shi. Zauren da ba shi da irin wannan, mai wayo ne zai mallake shi. Zai karance dokokin tsaf, ya nemo ƙofar da ba a rufe ba, ya yi ɓarnarsa yana cewa ai ba a rubuta ba.

Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin wannan. Akwai haddi, wanda nassi ya yanke, akwai ta'aziri, wanda aka bar wa alƙali ya auna. Sai dai ba su sakar masa mara ya yi yadda ya so ba. Ƙa'idarsu ita ce abin da shugaba zai zartar a kan jama'a yana rataye ne da maslahar jama'ar. A nan dokarku ta bakwai ta yi rauni, a kalmomin nan biyu: "suka ga". Ma'aunin ya koma idon admin. Me ake kira fitina? Wanda ya tona asirin macuci ya tada ƙura, wanda ya yi wa mai gaskiya ƙazafi ma ya tada ƙura, kuma dokar ba ta bambanta su ba.

Lauyoyi suna da hanyar fassara irin wannan doka. Idan an jera abubuwa, sannan aka rufe da magana mai faɗi, to faɗin nata ba ya wuce jinsin abubuwan da aka jera. Uba ya aiki yaro kasuwa ya ce ya sayo tumatir, attaruhu, albasa da sauransu. Ba wanda zai ce "da sauransu" ta ba shi izinin sayo takalmi. Ku ma ku dubi shidan nan naku, ku tambayi kanku me ya haɗa su. Duka suna kare mutuncin 'yan zaure ne da kuma aikin da aka buɗe zauren dominsa. Da wannan ma'aunin, kiran sunayen mutane kullum ba hujja ya shiga cikin abin da doka ta bakwai za ta iya tsayarwa. Har nan kana da gaskiya, kuma ba ƙaramar magana ba ce. Dokar Kamaru ta 21 ga Disamba 2010 kan laifukan intanet, a sashe na 78, ta tanadi ɗaurin wata 6 zuwa shekara 2, ko tarar sefa miliyan 5 zuwa miliyan 10, ko duka biyun, ga wanda ya yaɗa labari ta waya ko intanet bai iya kawo hujjar gaskiyarsa ba, bai kuma nuna yana da ƙwaƙƙwaran dalilin gaskata shi ba. Wato tsayar da mutumin nan shi kansa taimakonsa ne, idan ba shi da takarda ko shaidu.

Inda ka zame shi ne ka ɗauki doka mafi faɗi ka yanke hukunci mafi tsanani da ita. Ni abin da nake gaya wa duk ƙungiyar da ta nemi shawarata shi ne, gwargwadon faɗin doka, gwargwadon sauƙin hannun mai aiki da ita. Wanda ya karya dokar zagi ya san abin da ya taka, an rubuta, ya karanta. Wannan bawan Allah kuwa bai da yadda zai yi ya sani tun farko cewa abin da yake yi zai kai shi waje. Doka mai faɗi ta kashe wuta ce a lokacin da take ci. Korar mutum daga inda yake jin farashi da labarin mota, a sana'ar da buhu kan canja kuɗi tsakanin safiya da yamma, taɓa masa abinci ne, kuma wannan yana bukatar fiye da "mun ga".

Akwai matakai kafin kora, kuma WhatsApp ɗin kansa ya ba ku su. Tun 2018 admin na iya rufe zaure ya zama shugabanni kaɗai ke tura saƙo. Tun 2022 yana iya goge saƙon wani ga kowa, kuma kowa zai ga sunan admin ɗin da ya goge. Abin da babu shi ne rufe bakin mutum ɗaya a bar saura, shi ya sa da yawa ke saurin kai hannu ga kora. Da ka goge saƙonnin, ka rufe zaure na dare ɗaya, ka kira shi a waya ka ji ta bakinsa, da wataƙila ba mu zo nan ba.

Ko manyan kamfanoni sun faɗa wannan ramin. A Janairun 2021 Facebook ya dakatar da Donald Trump bayan harin da aka kai majalisar dokokin Amurka, ba tare da sa wa'adi ba. A watan Mayu kwamitin sa ido da kamfanin ya kafa da kansa ya ce dakatarwar tana da dalili, amma hukunci marar iyaka ba ya cikin dokokin da aka rubuta, don haka a koma a tsayar da shi bisa ƙa'ida. Daga baya kamfanin ya sa shekara biyu. Ka ga, ana iya yin daidai wajen tsayar da abu, a kuma yi kuskure wajen girman hukunci.

Sai maganar surukinka, wadda ita ce ta fi damuna. Na yarda zuciyarka ɗaya. Amma 'yan zaure ba zuciya suke gani ba, abin da suka gani shi ne an ambaci surukin admin, sai admin ya kori mai magana. Daga ranar duk wanda ke da ƙorafi a kan wani na kusa da ku zai haɗiye, kuma zauren 'yan kasuwa da ba a iya faɗin wanda ya ci amana a cikinsa ya rasa rabin amfaninsa. Ku uku ne. Da sunan surukinka ya fito, kamata ya yi ka janye hannunka ka bar wa biyun. Wani abu kuma da ake mantawa a garuruwanmu, saƙon murya kan zo da Hausa, ko Fulatanci, ko Larabcin Shuwa, ko Faransanci. Kada admin ya hukunta magana a harshen da bai ji sosai ba, bisa fassarar wanda aka ɓata wa rai.

Shawarata, ka mai da shi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A wasiƙar da Sayyidina Umar ya aika wa Abu Musa al-Ash'ari kan alƙalanci, ya hore shi kada hukuncin da ya yanke jiya ya hana shi komawa ga gaskiya idan ta bayyana masa. Ka sa ɗaya daga cikin abokan shugabancinka ya kira shi, ya gaya masa za a mai da shi da sharaɗin ya daina kiran sunaye a zaure, ya kawo hujjojinsa gaban dattawan kasuwa ko sarkin dillalai, a zauna da waɗanda yake zargi, har da surukin naka.

Sannan ku ƙara doka ta takwas da wannan rikici ya haifa: mai ƙorafin kuɗi ya kai wa shugabanni a keɓe, in an tabbatar, su ne za su sanar. Ita kuma ta bakwai ku sake mata lafazi, misali haka: "Idan wani abu ya taso da dokokin nan ba su ambata ba, kuma yana cutar da 'yan zaure ko aikin zaure, admin zai iya goge saƙo ko rufe zaure na ɗan lokaci, ya kuma faɗi dalilinsa. Ba za a cire kowa ba sai an gargaɗe shi, an ji ta bakinsa, kuma admin biyu da ba su da hannu a maganar sun amince." Ku karanta ta da murya a harsunan da ake ji a zauren, don da yawa cikin masu lodi da direbobi sauraro suke yi, ba karatu ba.