Stihl, Husqvarna ko Echo: wane zarton inji zan saya?

Malam, idan na fahimce ka, kana neman zarton inji matsakaici na yankan itacen girki da sare bishiyoyi a gona, kuma ka rasa wane kamfani ne ya fi ƙarko.

Stihl na Jamus, Husqvarna na Suwidin da Echo na Japan duk ba su da laifi. Ni dai abin da nake fara dubawa shi ne wanne ake samun kayan gyaransa da makanikinsa kusa da kai. Inji komai kyansa, in sarƙa ko kabureta ta lalace aka rasa madadi, sai ya koma ajiya.

Aikinka injin 50cc zuwa 60cc zai ishe shi, mai tsawon baki inci 18 ko 20. Duba Stihl MS 271, Husqvarna 455 Rancher ko Echo CS-590. Echo yakan fi sauƙin kuɗi. In kullum za ka riƙa yanka, ƙara kuɗi ka ɗauki Stihl MS 261, ya fi juriya da rashin nauyi.

Ka kiyayi jabu, kasuwa cike take da su, fenti iri ɗaya. In ka ji farashin ya faɗi warwas, akwai lauje cikin naɗi. Sannan kada ka zuba zallan fetur: mililita 100 na man 2T (man injin da ake gaurayawa da fetur) ake haɗawa da lita 5 na fetur. Sarƙa kuma a riƙa wasa ta.

Babbar bishiya da ta karkata kan gida ko wayar lantarki, ka bar wa ƙwararre.