Daga masar Bauchi zuwa ƙasar Masar: me za mu ci, me za mu gani?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Daga Gombe nake rubutowa. Muna so mu kai yara gandun dajin Yankari idan an yi hutun makaranta. Mu bakwai ne: ni da maigida, yara huɗu, da Hajiya mahaifiyarsa mai ciwon suga. Maigida ya ce mu fita da asuba mu dawo a ranar, ni kuma in dafa shinkafa da miya tun dare mu tafi da ita a kula. Hakan zai yiwu? Sannan bayan Sallah zai raka Hajiya Alƙahira ganin likita, za su yi mako biyu. Ita ba ta cin abincin da ba ta sani ba, har ta ce in tanadar mata kilishi da dambun nama. Me za su iya ɗauka, me za su ci a can, kuma ina ya kamata su leƙa?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. A ba maigida haƙuri, shawarar zuwa a dawo a rana ɗaya ba za ta fisshe ku ba, shinkafar daren nan kuwa a bar ta a gida.

Ga lissafin hanyar. Daga Gombe za ku bi titin Bauchi, ku wuce Alkaleri, ku karya a mahaɗar Dindima. Daga nan akwai kimanin kilomita 29 zuwa ƙofar shiga da ke Mainamaji. Abin da baƙi da yawa ba su sani ba shi ne ƙofa ba ita ce Yankari ba. Bayan an biya kuɗin shiga, sai an ƙara tafiyar kilomita 40 da 'yan kai a cikin daji kafin a isa sansanin Wikki, inda ɗakuna da gidan abinci da maɓuɓɓugar ruwan ɗumi suke, kuma ba a gudu a wannan hanyar saboda dabbobi na tsallakawa. Da tsayuwar yara da ta jami'an hanya, ku ɗauka awa uku zuwa huɗu ce. Ko da asuba kuka fita, za ku isa da hantsi, daidai lokacin da namun daji suka shige inuwa. Su da sassafe suke fitowa, sai kuma bayan la'asar idan rana ta yi sanyi. Wanda ya zo da hantsi ya juya da la'asar don kada dare ya yi masa a hanya ya faɗa tsakanin lokutan nan biyu, ya koma gida bai ga komai ba sai birai da gadu. Ku kwana ɗaya, in da hali biyu. Ku buga waya ku kama ɗaki tun kafin ranar, ku tambayi kuɗinsa da awannin da ake ba da wuta, musamman idan hutun ya haɗu da Sallah ko ƙarshen shekara, lokacin da wurin ke cika.

Wane hutu kuma? Dajin ya kai murabba'in kilomita 2,244, kuma da damina ruwa na ko'ina, ciyawa ta fi mutum tsawo, dabbobi sun watsu. Da rani ne ƙishirwa ke tattaro su bakin kogin Gaji. Saboda haka daga Fabrairu zuwa Afrilu aka fi ganin ɓauna da gwanki da gwambaza da kanki, amma zafin Maris da Afrilu na kaiwa digiri 40, abin da ke da wuya ga tsohuwa mai suga. Hutun Disamba ya fi muku sauƙi: gari da sanyi, hanya a bushe. Dogon hutun Agusta shi ne mafi rauni. Giwa dai akwai ta, sai dai yawo take yi mai nisa, kada a yi wa yara alkawarin ganinta. Zaki kuwa wanda ya gan shi ya yi babbar sa'a.

Yanzu abinci. Dafaffiyar shinkafa tana da wata ƙwayar cuta da ke iya tsira daga dahuwa. Idan shinkafar ta huce ta zauna da ɗumi-ɗumi, sai ƙwayar ta hayayyafa ta saki dafi, kuma ɗumame ba ya kashe wannan dafin. Kula tana riƙe zafi na 'yan awanni ne, daga nan sai ta koma ɗakin renon cuta. Ƙa'idar ita ce dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a waje bayan ya fara hucewa, idan zafin gari ya haura digiri 32 kuma awa ɗaya. Shinkafar da aka sauke da ƙarfe goma na dare aka buɗe da azahar ta ninka wannan sau da yawa. Ba lallai ta yi yami ko wari ba, sai dai amai ya taso wa yara cikin awa ɗaya zuwa biyar, ga ku a tsakiyar daji, asibiti da nisa. In dole sai an tafi da dafaffe, a dafa da asubar ranar, a ɗauraye kular da tafasasshen ruwa, a zuba abincin yana tururi, a cika ta taf, kada a yi ta buɗewa, a cinye kafin azahar. Abin da ya rage a zubar.

Guzurin da ke jure hanya shi ne wanda kakanninmu fatake suka sani, wato busasshe: dambun nama da aka soya ya bushe ƙayau, kilishi, ƙuli-ƙuli, soyayyiyar gyaɗa, dabino, biredi, cincin, lemon zaƙi da ɓawonsa. Dafaffen ƙwai a bar shi cikin ɓawo a ci a ranar. Kunun aya da zoɓon gida da fura da nono a bar su, sai in za su kwanta cikin ƙanƙara tun daga gida. Kunun aya musamman, awa kaɗan a mota ya isa ya kumbura gora. Ruwan sha a lissafa lita uku ga kowane babba a rana, biyu ga yaro, a ƙara jarka ɗaya don alwala da lagireto. Gidan abincin sansanin na dafa abin da aka saba, shinkafa da taliya da tuwo, amma ku ba da odar abincin dare tun da rana, kada ku jira sai yunwa ta kama yara.

A saka sacet ɗin gishirin ORS a jaka, wanda ake jiƙawa a sha idan amai ko gudawa ya kama mutum. Idan babu, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Sai maganar birai, wadda ba wasa ba ce. Bika, wanda wasu ke kira gwaggon biri, ya saba da mutane a Wikki har ya san leda. Yana fizge ta daga hannun yaro, yana shiga ɗakin da aka bari a buɗe, yana shiga mota ta taga. Kada yaro ya yi yawo da biskit a hannu, kada a ci abinci a fili, a murza makulli ko da ana ciki. Idan ya ƙwace abu a bar masa, haƙoransa sun fi na kare. Kuma kada a jefa musu abinci don ɗaukar hoto, wannan ɗabi'ar ce ta lalata su tun farko.

Fita kallon dabbobi sai da ɗan rakiya na gandun, ba a shiga daji kai kaɗai, ba a sauka daga mota sai ya ce a sauka. A sa kaya masu dogon hannu, ruwan ƙasa ko ruwan toka. Ƙudan tsando yana bin baƙi da shuɗi mai duhu, cizonsa kuma na ratsa yadi mara kauri, don haka baƙin hijabi a ajiye shi a ɗaki. Ku roƙi ɗan rakiyar ya biya da ku kogunan Marshall, ɗakuna 59 da mutanen dā suka sassaƙa a jikin dutse, da rijiyoyin Dukkey. Yara kan fi tuna waɗannan fiye da barewar da suka hango daga nesa.

Ruwan Wikki ɗuminsa digiri 31 ne dare da rana, rani da damina, garau har ana ganin yashin ƙasa. Wannan haske nasa ne ke yaudara, domin kusa da inda yake ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse zurfinsa ya kusa mita biyu. Yara su tsaya can ƙasa inda bai da zurfi, babba na tsaye a kansu. Mata sun fi samun sakewa da sassafe kafin jama'a su sauko. Ana sauka ne ta matakala mai tsawo, Hajiya ta bi a hankali, kuma kada ta taka ko'ina ba takalmi, domin ƙaramin yanka a ƙafar mai suga kan zama babban aiki. Idan allurar insulin take yi, kada a bar ta a mota a rana. A sa ta a kular ƙanƙara a naɗe da tawul, kada ta taɓa ƙanƙarar, daskarewa na lalata ta kamar yadda zafi ke yi. Ta ci abinci a kan lokacinta ko da motar kallo na jira, ta riƙe dabino uku a jaka saboda faɗuwar suga.

Ku sha mai ku cika tanki kafin ku bar babban titi, ku duba safaya, ku riƙe tsabar kuɗi don sabis na yankewa.

A ranar dawowa, in kun fito da wuri, garin Bauchi bai fi tafiyar awa ɗaya daga Dindima ba. Ku kai yara kabarin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka kashe a juyin mulkin Janairun 1966, akwai ɗakin ajiye kayansa a harabar. Sannan ku ci masa. A saye ta inda ake toyawa a gabanku, daga tanda zuwa kwano, miyar taushen tana kan wuta. Hajiya ta tsaya a kan biyu ko uku da miya mai yawa, domin shinkafa ce kuma ana sa sukari a ƙullun. Ku kama hanyar Gombe da la'asar sakaliya.

Batun Alƙahira ya fi sauƙi fiye da yadda Hajiya ke zato. Nama shi ne abin da aka fi tsarewa a filayen jirgi, Ingila da Amurka da ƙasashen Tarayyar Turai ma sun hana shigar da shi daga irin ƙasashenmu. Masar kuwa ƙasar Musulmi ce, naman halal na kowace unguwa, don haka kilishin bai cancanci a tsaya jayayya da jami'in kwastan a kansa ba. A ɗauki abin da babu a can: kuka, daddawa, yaji, garin kunu. A ɗaure kowanne a leda mai haske, a rubuta sunansa, a sa a babbar jaka. Magungunanta su zauna a kwalayensu na asali tare da takardar likita, a jakar hannu, har da insulin, domin cikin jirgi inda ake loda kaya na iya daskarar da ita. Tramadol laifi ne babba a Masar idan babu takarda, an ɗaure baƙi a kansa. Kada su karɓi saƙon kowa a ƙulle, ko na ɗan'uwa ne. Katin rigakafin shawara ya kasance tare da fasfo.

Idan sun kama gida mai kicin, rabin matsalar ta ƙare. Ko a gidan abinci ma za ta tarar da 'yan gida da wasu sunaye: mulukiyya lalo ce, bamiya kuɓewa ce, karkade zoɓo ne, sai ta ce kada a sa sukari. Ful, wato dafaffen wake da ake karyawa da shi, ya dace da mai suga. Koshari ne za ta yi hattara da shi, shinkafa ce da makaroni da adas, wani ɗan ƙaramin wake, a kwano ɗaya, ga soyayyiyar albasa a sama. Ruwan gora za su sha, su ƙyale ƙanƙara da ɗanyen ganye a makon farko, su kuma duba takardar kuɗi, domin gidajen abinci na zama kan ƙara haraji da kuɗin hidima a kan farashin da aka rubuta.

Yawo kuwa wuri ɗaya a rana ya ishe ta, bayan likita ya yarda. Masallacin Azhar, wanda aka fara ginawa a shekarar 970 Miladiyya, yana daf da kasuwar Khan Khalili, fita ɗaya ce. Masallacin Amru ɗan Asi da kabarin Imamu Shafi'i wata fitar ce. Dalar Giza a je da safe da lema. Idan maigida zai hau raƙumi a can, ya yanke ciniki da mai raƙumin kafin ya ɗora ƙafa, ya kuma ji daga bakinsa cewa kuɗin na hawa ne da sauka, kuma da fam ɗin Masar ake magana.